Yayana Ya Daina Fita Majalisa: Me Za Mu Yi Masa a Gida?

Auta: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya cika min ciki. Maganar yayana ce, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Manomin shinkafa ne a fadamar garinmu, can bayan Auyo. Ambaliyar 2022 ta cinye masa gona kakaf, ana saura 'yan makonni a yanke. Ya daure, ya ci bashin taki da na man inji ya sake shukawa. Ɗan abin da aka samu, jan-baki suka ci nasu, masu bashi suka kwashe sauran. Bana kuma da damina Allah ya yi wa Innarmu rasuwa.

Yau wata uku ke nan ban gane kansa ba. Mutumin da ke riga ladan zuwa masallaci, yanzu a ɗaki yake salla, wani lokacin ma sai matarsa ta yi ta tuni. Ya daina zuwa majalisa. Tuwo in an kai masa, loma biyu ya ture. Ƙarfe uku na dare za ka same shi zaune a bakin gado, ido biyu. Ya rame har wuyansa ya fito. Autarsa da ba ya iya rabuwa da ita, yanzu in ta hau cinyarsa sai ya sauke ta. In ka matsa masa da tambaya ya ce, "Ni ai ba ni da wani amfani."

An yi ruƙiyya sau biyu, ba abin da ya yi magana. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Wani ya ce jifa ne, muka sayar da akuya biyu muka kai masa. Shiru. Na ce mu tafi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, ya dube ni ya ce, "Auta, ni ka mayar mahaukaci?" Tun ranar ban sake tayar da zancen ba.

Tambayata: akwai abin da za mu iya yi masa a gida, na abinci ko na itatuwa ko na addu'a, ba sai an kai ga asibiti ba? Wanda ya san wani abu, don Allah ya taimaka.

Ɗan Gujungu: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna. Amma Auta, gaskiya ɗaya ce. Shi kaɗai ruwa ya ci wa gona? A 2022 daga Ringim har Haɗeja wa ya tsira? Ni kaina buhu arba'in na sa rai, ko tiya ban ɗauka ba. Mumini ba ya zama ya rungumi baƙin ciki. Ku tuna masa da tawakkali, ya riƙe istigfari, ya tashi ya nemi na kansa. Wannan ciwon damuwar da ake ta yayi, a da ba mu san shi ba.

Maman Biyu: Yaya Ɗan Gujungu, don girman Allah kada a gaya masa haka. Ni an gaya min, na san yadda take sukar zuciya.

Bayan na haifi 'yan biyuna, ana ta barka, ana suna, an yanka raguna, ni kuwa ji nake kamar an ɗora min turmi a ƙirji. In sun yi kuka ni ma sai in fashe da kuka. Ban rasa ci ba, ban rasa sha ba, maigidana bai rage ni da komai ba. Surukata ta ce butulci ne, mata nawa ke neman haihuwa ido rufe. Wata ta ce na daina azkar ne shi ya sa. Wallahi ban daina ba. Ina karantawa, bakina na motsi, amma kamar da bakin wata ake yi. Duk wanda ya ce min "ki yi tawakkali", abin da kunnena ke ji shi ne "ke ko Allah ma kin saɓa wa". Sai nauyin ya zama biyu: ga ciwon, ga zargin kai.

Abin da ya fara ɗaga ni, ƙanwar babata ce da ta zo ta tare a wurina wata guda. Ba ta yi min wa'azi ko sau ɗaya ba. Da dare ta kwashe yaran, sai lokacin shan nono ta kawo su, in samu barcin awa huɗu a jere. Da hantsi ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta ce in fito in taya ta tsinke zogale. Ta tsefe min kai, ta yi min kitso. Ita ce kuma ta raka ni asibiti ranar rigakafin yara, ta ja ma'aikaciyar gefe ta gaya mata halin da nake ciki. Aka auna, aka ce jinina ya yi ƙasa sosai, aka kuma tura ni wurin likita.

Ba ragwanta ba ce, Yaya. Wanda ke cikin abin nan ya fi kowa son ya tashi. Ƙafar ce ba ta ɗauka.

Ɗan Gujungu: Allah ya ba ki haƙuri 'yar'uwa, ban faɗa don in ɓata wa kowa ba. Amma ke jego ne, an san jikin mace yana juyawa. Shi fa namiji ne magidanci. Bari dai mu ji ta bakin Malam.

Malam Na'ibi: Bismillah. Auta, Allah ya ba yayanka lafiya, ya saka maka da alherin zumunci.

Ɗan Gujungu, niyyarka mai kyau ce, amma ka buɗe Suratu Yusuf, aya ta 84. Annabi Yakubu, alaihis salam, idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa. Annabi ne, ɗan annabi, jikan annabi, kuma namiji magidanci. Wa zai ce masa tawakkalinsa ya yi rauni? Da 'ya'yansa suka ce zai halaka kansa da ambaton Yusuf, sai ya ce shi Allah yake kai wa ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta. To baƙin ciki ba ya kore imani.

Batun a da ba a san shi ba kuwa, an sani. Wani malami mai suna Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya rubuta littafi a kan gyaran jiki da rai, Masalihul Abdan wal Anfus. A ciki ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san sababinsa, kamar rashin masoyi ko asarar dukiya, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai ya hana shi walwala, wanda ya danganta da jiki. Fiye da shekara dubu ke nan.

Yanzu ga abin da nake so ku lura da shi. Addu'ar da Anas ya ce Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana yawan yi, tana cikin Buhari: "Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan, wal ajzi wal kasal, wal bukhli wal jubn, wa dala'id daini wa galabatir rijal." Ku duba yadda aka jera su: damuwa, baƙin ciki, gajiyawa, kasala, sai ga nauyin bashi dab da ƙarshe. Bashi da damuwa tafiyarsu ɗaya. Ku karanta masa ita safe da yamma, ku zauna kusa da shi ku karanta, kada ku ba shi a takarda ku ce ya yi. Sannan kada ku tsaya a karatun. Nawa ake binsa? Su wa ke binsa? Allah ya ce a Baƙara, aya ta 280, in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. Ka ɗauki limaminku da mai unguwa ku je wurin masu bashin a tsara biya kaɗan-kaɗan. Kuma masu bashi a wuya suna cikin mutum takwas da aka ambata a Tauba, aya ta 60, waɗanda ake ba zakka. Yanzu kaka ce, ana fitar da zakkar hatsi. Wani yana neman inda zai kai, ga shi a maƙwabtansa bai sani ba.

Wanda ya karɓi akuyoyinku ya ce jifa ne, ku daina zuwa wurinsa. Wannan maganar tana haddasa gaba tsakanin dangi, ba ta warkar da kowa.

Mai Zuma: Allah ya gafarta Malam, a ƙara da talbina. Nana A'isha ta kasance in an yi rasuwa a danginta, mata suka watse, sai ta sa a dafa talbina a ci, ta ce ta ji Annabi yana cewa tana kwantar da zuciyar maras lafiya, tana tafiyar da wani sashe na baƙin ciki. Buhari da Muslim duk sun kawo. Garin sha'ir ne, a dama shi kamar kunu, ruwa-ruwa, a sa madara da zuma. Ana samun garin a shagunan magungunan Musulunci a Haɗeja da Kano. A haɗa masa da habbatus sauda da man zaitun. Auta, in ka riƙe waɗannan wata guda ba ka buƙatar wani asibiti.

Malam Na'ibi: Hadisin ya inganta. Amma ka riƙe lafazinsa yadda yake: "bi ba'adil huzni", wani sashe na baƙin ciki. Annabi bai ce duka ba, kai ma kada ka ce duka. Jumlarka ta ƙarshe ba ta cikin hadisin.

Anti Nas: Salamu alaikum. Yanzu na tashi daga aiki na tarar da saƙonni. Auta, kafin mu je ga abinci, amsa min abu uku tsakaninka da Allah. Ya taɓa cewa gara ya mutu, ko ya yi magana mai kama da sallama, ko ya fara rabar da kayansa? Akwai fiya-fiya ko maganin feshi ko maganin ɓera a inda yake kwana? Yana jin muryoyi, ko yana cewa ana binsa za a kashe shi?

Abin da ka lissafa, rashin jin daɗin komai, rashin ci, farkawa tsakar dare, rama, ganin kai ba shi da amfani, in sun wuce mako biyu kusan kullum, mu a asibiti ciwon damuwa muke kiransa. Nasa wata uku. Ba hauka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan miliyan 280 ke ɗauke da shi, kuma a cikin mata masu ciki da masu jego ya haura ɗaya cikin goma. Maman Biyu ba ita kaɗai ba ce, sauran shiru kawai suka yi.

Auta: Anti, na ukun babu. Na biyun akwai, jarkar maganin feshi tana ƙarƙashin gadonsa, nan yake ajiye kayan gona tun da. Na farkon kuwa, sai da na kira matarsa yanzu na tambaye ta. Ta yi shiru, sannan ta fashe da kuka. Ta ce makon jiya ya ce mata da ma shi aka ɗauka aka bar Inna, kuma ya ce in ta Allah ta kasance a ba ni injin ban ruwa. Ta ɓoye ne don kada a ce ta tona asirin mijinta. Jikina rawa yake yi.

Anti Nas: To ka saurare ni da kyau, ƙanina. Daren nan, ba gobe ba, a fitar da jarkar nan da duk wani maganin ƙwari daga gidan, a kai gidan wani a kulle. Igiya da wuƙaƙe ma a kawar. Kada a bar shi shi kaɗai, kai ka kwana a ɗakin. Ka tambaye shi kai tsaye, cikin taushi: "Yaya, kana tunanin kashe kanka?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa, don ya samu wanda zai gaya wa. In ya amsa, kada ka yi salati ka hau shi da faɗa ko ka fara jero masa azabar lahira. Ka ce ka ji, kana tare da shi.

Gobe kuma asibiti. Wannan matakin ya wuce a tsaya ga kunu kaɗai. Tunda sunan Kazaure ne ke firgita shi, kada ka ambata. Ka ce za a je babban asibiti a duba rashin barci da ramar nan, kuma ba ƙarya ka yi ba: dole a auna jininsa, da suga, da hawan jini, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo suna kawo kasala mai kama da wannan. Amma kai ka gaya wa likita duk abin da matarsa ta faɗa, kada ka rage. In sun ga sai an tura shi gaba, akwai Kazaure, akwai asibitin Dawanau a Kano, akwai sashen masu wannan lalura a Asibitin Malam Aminu Kano. Yawancin masu zuwa can ganin likita suke yi su koma gida a ranar.

Mai Zuma: Ni tsorona ƙwayoyin nan ne, Hajiya. Mun ga yaran da aka fara ba wa ƙwaya, yau ga su nan a tasha suna layi. A raba mutum da damuwa a haɗa shi da shaye-shaye?

Direban Haɗeja: Mai Zuma, bari ni in amsa wannan, don na ɗanɗana duka biyun. Shekarun baya motata ta ƙone, ba ta gama biyan kanta ba. Na shiga irin halin yayan Auta. Ban je asibiti ba, saboda irin wannan tsoron naka. Wani abokin aiki ya miƙo min tiramol ya ce tana kawar da tunani. Ta kawar, na awa kaɗan. Daga ɗaya na koma biyu, da dare kuma sai na sha wata kafin in runtsa. Ga goro, ga shayi mai kauri, ga sigari. Shekara biyu ina haka, har na taɓa faɗuwa ina karkarwa a gaban 'ya'yana.

Maganin da likita ya ba ni daga baya ba ya bugarwa, ba ya sa ka ji kana sama. Mako biyun farko ma ban ji komai ba sai bushewar baki da nauyin jiki da safe, har na so in watsar. A mako na huɗu na lura na yi barci har asuba. Na sha wata tara, likita ya rage min a hankali har na daina. Ƙwayar da ke lalata yaranmu ba a asibiti ake ba su ita ba, a bayan tasha ake sayar musu. Kuma da yawansu ciwon nan ne ya kai su, ba wanda ya tambaye su abin da ke damunsu.

Anti Nas: Allah ya ƙara lafiya, Direba, ka hutar da ni. Abu biyu zan ƙara. In an ba shi magani, a hannun matarsa ko naka zai zauna, a riƙa ba shi na ranar kawai. Kuma duk wani sassaƙe ko jiƙo ko garin da kuke ba shi, ku faɗa wa likita. Talbina abinci ce, a ba shi, mutumin da ba ya cin tuwo zai iya kurɓar kunu. Amma ba duk abin da aka ce na itace ne ke zama lafiya da magani ba. Akwai wani ganyen Turai da ake tallarsa a intanet don damuwa, St John's wort, yana karya ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa da maganin ƙanjamau, kuma haɗa shi da maganin damuwa na asibiti haɗari ne. Jarkokin haɗin da ake yawo da su a kasuwa ba a rubuta abin da ke ciki ba, waɗannan kam ku bar su.

Jikar Goggo: Na karanta wa kakata duk abin da aka rubuta, ta ce in rubuta nata yadda ta faɗa. Ga shi:

"Ku gaya wa yaron nan Auta, Allah ya yi masa albarka. Mai cewa a da babu wannan ciwo, yaro ne. Akwai shi. Cewa muke zuciyarsa ta karye, ko tunani ya kama shi. Na ga wanda ya bi matarsa kabari wata biyar tsakani, ba ciwon komai. Abin da ya bambanta, a da ba a barin mutum. In an yi maka rashi, bayan an share makoki ba a watsewa gaba ɗaya. Wata tsohuwa za ta tare a gidan. Abokanka za su zo su zauna a zaurenka ko ba ka ce uffan ba, su yi ta hirarsu kana ji. In gonarka ta fi ƙarfinka a yi maka gayya, a zo da kalangu, kai ma dole ka fito ko ruwa ka miƙa wa mutane. Yanzu kwana uku an yi addu'a kowa ya kama gabansa, sai a aiko maka gaisuwa a waya. Zumunci a ƙafa yake.

"Kada a ce masa tashi ka je majalisa, ba zai je ba. A kawo masa majalisar ƙofar gida. Mutum biyu ko uku waɗanda yake jin nauyinsu, ba taro ba. Kuma a ba hannunsa abin yi. Kada a ce don lafiyarka, a'a, a nemi taimakonsa. A ce tunkiyar nan ta ƙi cin abinci, zo ka duba mana. A ce igiyar nan ba wanda ya iya tufka ta sai kai. Namiji in ya ji ana bukatarsa, ransa yana dawowa. Da hantsi a fito da shi rana. A dama masa fura da nono mai kyau, a yi masa miyar zogale da wake, a sa kifi tunda kuna bakin ruwa. Kada a kai masa ɗaki, a ci tare da shi a kwano ɗaya. Asibitin ma a je, mu da muka rasa shi a da ba don mun fi so ba ne."

Ɗalibi a Kano: Allah ya ƙara wa Goggo lafiya. Abin da ta faɗa shi ne ake koya mana a aji da wani suna. Mai ciwon yana jira sai ya ji daɗi kafin ya yi wani abu, alhali yin abin ne ke fara jawo jin daɗin. Shi ya sa ake farawa da ƙaramin aiki, a sa masa lokaci, a maimaita kullum.

Kuma an gwada irin wannan a Afirka. A Zimbabuwe wani likita, Dixon Chibanda, ya ga likitocin ƙwaƙwalwa ba za su taɓa isa ba, sai ya koya wa tsofaffin mata yadda za su saurari mutum. Ana ajiye benci a harabar asibitin unguwa, kaka ta zauna da mai damuwa kamar sau shida, ba ta yanke masa hukunci, tana taya shi ya zaɓi matsala ɗaya su nemi bakin zarenta tare. Su a harshensu sunan ciwon "yawan tunani", kamar dai yadda Goggo ta ce. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. A nan gida ma, tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta: maras lafiya ya sauka a gidan mutanen ƙauye tare da ɗan'uwansa, ya je asibiti da rana, ya dawo cikin jama'a da yamma, har masu maganin gargajiya ya jawo cikin aikin.

Kakanni muna da su a kowane gida. Liman muna da shi. Horon ne babu.

Ɗan Gujungu: Na ji na Malam, na ji na Goggo, na janye maganar rashin tawakkali, Allah ya yafe min. Amma har yanzu ina da ja a wuri ɗaya. Ana ta cewa motsa jiki, fita rana. Manomi fa ake magana. Mutumin da ya shekara talatin yana duƙe a fadama, rana ta gasa shi, in da rana da aiki suna hana ciwon nan ai da bai kama shi ba.

Anti Nas: Tambaya ce mai kyau. Ba rigakafi ne da ba ya ɓaci ba, manomi ma yana kamuwa in kaya suka yi masa yawa. Amma ka duba wata ukun nan: jikin da ya saba aiki daga asuba zuwa azahar yanzu yana kwance a ɗaki mai duhu. Ba ya gajiya, don haka ba ya barci. Ba ya ganin hasken safe, don haka jikinsa ya rikita dare da rana. Rashin barcin ya ƙara tunani, tunanin ya ƙara hana fita. Igiya ce ta naɗe, ta ko'ina aka samu a fara warwarewa. Tafiyar minti ashirin ko talatin bayan asuba, shi da wani, ta isa farawa. Barcin rana a rage. Goro da shayi a tsayar daga la'asar. Ga mai ƙaramin ciwo, waɗannan da samun mai saurare sukan wadatar. Na yayan Auta ya yi nauyi, shi sai an haɗa duka.

Maman Biyu: A tuna da matarsa ma don Allah. Wata uku tana ɗauke da wannan ita kaɗai, ga yara, ga maganar da ta haɗiye. Auta, ka sa wata a cikin 'yan'uwanku mata ta je ta kama mata. Kuma kada wani ya ce mata don me ta ɓoye.

*Bayan mako biyar*

Auta: Salamu alaikum. Na ga saƙonninku ta bayan fage, ku gafarce ni, hankalina ne bai zauna ba.

A daren nan na kwashe jarkar na kai gidan kawunmu. Na kwana a ɗakinsa. Wajen ƙarfe uku da ya tashi ni ma na tashi, na yi masa tambayar da Anti ta ce. Ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya ce tunanin yana zuwa masa, yana korarsa da a'uziyya, yana dawowa, kuma kunya ta hana shi gaya wa kowa. Muka yi kuka mu biyu. Tunda nake ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne Inna.

Da safe kawu ne ya ce masa ya shirya, bai iya yi masa musu ba. An auna, jininsa ya ɗan hau, an ba shi magani na wannan da na damuwar, yana hannun matarsa. Mun koma sau ɗaya.

Liman da mai unguwa sun je wurin mutum uku da ke binsa. Ɗaya ya yafe rabi. Ɗaya ya ce a biya bayan noman rani. Na ukun ya ƙi, ya ce a ba shi injin. Wannan tana nan tana cin mu, kuma ranar da ya aiko, Yaya ya koma ɗaki kwana biyu bai fito ba.

Abokansa biyu suna zuwa bayan la'asar su shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Makon farko daga ciki yake jin su. Yanzu yana fitowa, ba ya magana sosai. Kunun sha'ir yana sha da safe. Ƙanwarmu ta tare a gidan. Bayan asuba ni da shi muna takawa zuwa bakin fadama mu dawo, wata rana ya ƙi, in ƙyale shi. Ba zan ce ya warke ba. Har yanzu yakan farka da dare, amma yana komawa. Shekaranjiya da muka je, ya tsaya yana kallon inda na yafa irin shinkafa, ya ce min na cika shi da yawa, zai fito a cunkushe. Ya duƙa ya nuna min da hannunsa.

Jikar Goggo: Goggo ta ce ka sake yafa wani wurin, ka kira shi ya tsaya a kanka.

Malam Na'ibi: Alhamdu lillah. Na ukun nan, turo min sunan garinsu ta bayan fage. Ina da almajiri a wajen, wataƙila ya san wanda yake jin maganarsa.

Anti Nas: Kada a tsayar da maganin don an ga sauƙi, sai likita ya ce. Jarkar ma ta ci gaba da zama gidan kawu, in za a yi feshi kai ka yi. Yaushe ne komawarku?

Auta: Talata ta sama, Anti. Kuɗin motar nake haɗawa.

Direban Haɗeja: Bar kuɗin motar. Talata ina da lodi ta wajenku, ku fito bakin titi ƙarfe bakwai.

Ɗan Gujungu: Ni kuma ina da buhun taki ɗaya da ya rage min. Direba, ka biyo ta shagona ranar Litinin ka ɗauka musu. Auta, kada ka ce masa sadaka ce. Ka ce in ya yanke ya ba ni shinkafa.